Kwalbar da Aka Damƙa wa Malam Tambari

Shekara talatin Sodangi ya yi yana gyaran keken ɗinki a Gawon Nama. Telolin unguwar sun ce da jin ƙarar keke yake gane ciwonsa. Da wannan sana'a ya kai 'yarsa Wasila har ƙarshen jami'a.

Bara kaluluwa ta fito masa a wuya da hammata. Zazzaɓi ya ƙi sauka, ƙafafu suka kumbura. Wata shida yana shan maganin tarin fuka, babu sauƙi. Daga baya wata likita, Dakta Zaituna, ta ce sai an ciro kaluluwa ɗaya an gwada. Aka ciro, aka saka a kwalba da ruwan magani. A ranar nan Wasila tana wurin neman aiki, sai ma'aikaciyar jinya ta miƙa wa yayan Sodangi, Malam Tambari, limamin masallacinsu, ta ce, "Ga shi, a kai."

Mako uku Wasila tana zarya ɗakin gwaji. Kullum a ce babu sunan babanta a littafi. Ta yi faɗa da ma'aikata har muryarta ta dushe. A ƙarshe ta ji cewa Malam aka ba kwalbar, ta je ta same shi a zaure.

"Baffa, wa ka ba kwalbar nan?"

"Wace kwalba? Ta naman Sodangi? Ai na yi mishi sutura."

"Sutura?"

"Na wanke shi, na naɗe cikin ƙyalle fari, na kai maƙabarta. Ke ɗiyag ga, jikin ɗan Adam na fa. Mi kike so, a bar shi cikin kwalba awa yaji?"

Wasila ta zauna a dandaryar ƙasa. Ba ta iya yi masa tsawa ba, yayan mahaifinta ne, kuma ta ga har zuciyarsa alheri ya yi nufi.

Dakta Zaituna ta dafe kai da ta ji. Ta ce yanzu ba za a sake yanka ba, domin garkuwar jikin Sodangi ta juya tana cinye jininsa, ko allura aka soka sai ya yi ta zuba. Sai da aka yi wata biyu ana ƙarin jini. Ledar jini ta farko ma Malam Tambari ne ya bayar, bai ce wa kowa uffan ba.

Da jinin ya daidaita aka sake ciro wata kaluluwar. Kwalba ta biyu Wasila ce ta kai da hannunta, ta tsaya har aka rubuta sunan. Kwana goma sakamako ya fito: wata cutar kaluluwa ce mai suna Castleman, wadda likitar ta ce sau ɗaya ta taɓa gani. Maganin da aka fara ya sauke zazzaɓin, kaluluwar ta sace. Amma ƙodarsa ta riga ta lalace a watannin jira.

Yanzu duk Litinin da Alhamis Wasila ke kai babanta wankin ƙoda. Har yau bai san dalilin jinkirin ba. Ya taɓa tambayarta, ta ce masa injin asibiti ne ya lalace.