Kumfar da Sajan Bai Gani Ba

Sajan ake kiran maigidana, ko da yake har ya bar soja bai wuce igiya ɗaya ba. Makaniken bariki ne, rabin rayuwarsa a ƙarƙashin motoci ya yi ta. Da aka sallame su, abokansa suka sayi filaye, shi kuwa ya tafi gwanjo ya jajibo mana wata tsohuwar motar soja, koriya, mai ƙafa shida, wadda ta girme ni. A tsakar gida take kwana, ƙarƙashin rumfar kwano, kuma kullum sai ya goge ta kafin ya wanke fuskarsa.

Bana ta soma zafi tana tari. Ya buɗe lagireto, ya tsoma yatsa ya murza, ya ce baƙin mai ya haɗu da ruwa. Kular mai ce ta huje, wato wani ɗan akwatin ƙarfe mai siraran bututu da ke sanyaya man inji. Irinta ta ƙare a kasuwa tuntuni. Babban ɗanmu, wanda da ma hanyar rabuwa da ita yake nema, ya ce in ba ta gyaru ba masu sayen ƙarafa za su zo su yanka ta. Ranar Sajan ko kwanon abincinsa bai buɗe ba.

Ni damuwata daban ce. Na jima ina lura yana lalubar kofin shayi, yana gai da maƙwabci da sunan wani. In na yi zancen asibitin ido sai ya ce hayaƙin walda ne, zai wuce. Kwanciyar motar nan ce kaɗai ta hana shi hawa titi. Na rasa addu'ar da zan yi: in ta mutu za ta tafi da shi, in ta tashi kuma ban san wa zai taka ba. Gaba kura, baya sayaki.

Ya kwance kular da sufana, hannunsa na zuwa kan kowane noti ba tare da ya duba ba. Ya wanke ta da kananzir. Sannan ya yi yadda suke yi a bariki: ya toshe baki ɗaya da katako, ya ɗaura tiyon famfon keke a ɗayan, ya nutsa ta a bahon wankina. In aka buga iska, inda kumfa ta fito nan ɓular take.

Ya buga, ya sunkuya har gemunsa na taɓa ruwa. Kumfa na ta fita, 'yan ƙanana, a jere, daga wata kusurwa. Shi kuma yana ta kallon wani gefen.

Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Zo ki riƙe mini bahon nan, yana rawa."

Baho dai a ƙasa yake daram. Na durƙusa. Da na yi shiru, da maganar ta ƙare a nan, ba mai zargina. Amma na kasa. Na kama yatsansa na ɗora a wurin.

"Ai na gani," in ji shi.

Ya goge wurin, ya narka dalma ya liƙe, muka sake gwadawa. Ya tambaye ni ko ruwan ya yi shiru, na ce ya yi. Ya mayar da kular, ya juye tsohon mai, ya zuba sabo, ya sauya ruwan lagireto. Duk wannan ina tsaye ina kallo.

Da hantsi ya hau ya murza makulli. Ta yi gurnani ta tashi, har kwanon rumfa na karkarwa. Ya kasa kunne ya daɗe yana saurare, yana murmushin da rabona da shi tun auren 'yarmu. Ɗanmu ya fito da gudu yana dariya, ya wangale ƙyauren ƙofar gida duka biyu, rana ta shigo har kan bonet. Yaran unguwa suka cika bakin titi suna leƙe.

Sajan ya taka kuloci, ya sa giya. Ya leƙo ta taga ya ce, "To, wani ya buɗe mini ƙofar mana."

Dariyar ɗanmu ta ɗauke. Wannan kaɗai ya gaya masa komai. Ya daɗe riƙe da sitiyari, inji na bugawa lafiya lau. Sannan ya cire giya ya kashe ta.

"Ba ni hannunki," ya ce da ni. "Matakalar nan tana da tsawo."