Ranar Da Ƙullin Zayyad Ya Ci Kasuwar Maigatari

Zayyad ɗan kawuna ne, taubashina, kuma tun yana goye bai san zama ba. Goggo Yelwa ta ce ko nono a tsaye ya sha. Mu da muka tsaya a aji uku muna nan Gumel cikin rufin asiri, shi kuwa boko ya ja shi Kano, yana wanke kwalabe a ɗakin binciken magunguna, ana ce masa "mataimaki".

Bara shugabarsa, Dakta Sharifa, ta yi odar wani farin gari daga ƙasar waje, aka daɗe ana jira. Kwalbar ba ta kai ta kwalli ba. Yadda ya bayyana mini, igiya ce da ido ba ya gani: da baki guda ta kama mugun furotin da ke ciyar da ciwon daji, da ɗayan ta ɗaure shi da mai kai shi juji a cikin jiki. An maƙala mata ƙugiya mai suna bayotin, don a jawo ta a ga abin da ta kamo. Na ce, "Ashe dillancin awaki kake yi." Bai yi dariya ba. Ya ce zafi da lema ke kashe ta.

Ran da kwalbar ta iso, injin wutarsu ya mutu, Dakta ba ta gari, shi kuma ana sunan ɗansa washegari. Sai ya naɗe kwalbar a baƙar leda, ya taho da ita gida, ya kai firizar Larai mai zoɓo. Bai gaya wa Larai ba, don kada a taɓa.

Ya manta gobe Alhamis. Ranar kasuwar Maigatari Larai ba ta duba firiza, kwashewa take yi ƙat. Da sassafe ƙanwarta Ummi ta ɗau kula ta hau mota.

Ana raba goro Zayyad ya leƙa firiza, ya fito fuskarsa kamar an kwashe masa hanji. Na goya shi a babur, muka bi Ummi Maigatari. Duk hanya yana duka na a baya.

"Yi sauri, don Allah."

"Bawana, babur ne, ba jirgin Makka ba."

"In ta lalace, Dakta ba za ta ƙara ba ni ko cokali ba."

Muka ratsa kara, raƙuma na kallon babbar rigarsa. Ya buɗe kulolin mata sun fi dubu, wata ta kusa kwaɗa masa ludayi. A layin masu buhuna muka sami Ummi, ƙanƙara ta zama ruwa, tana miƙa wa wani mutumin Damagaram ƙullin baƙar ledar a matsayin gyara.

"Yaya Zayyad, ai na zaci kunun aya ne ya ƙanƙance."

Ya fizge, ya kwance. Murfin bai motsa ba, garin a bushe, kwalbar da sauran sanyi. Ya kira Dakta, na ji muryarta tun daga inda nake tsaye, ina jin har Zandar an ji.

Bai koma wajen suna ba. Ya cika kular Ummi da sabuwar ƙanƙara, ya rungume ta ya shiga motar Kano. Da aka gwada garin, ya kama abin da aka aike shi. Dakta ta bar shi a aiki, amma yanzu ko fitsari zai je sai ya faɗa mata. Ummi kuwa har yau kularta ba ta dawo ba.