Ranar da Aka Cire Mini Murhun Gas

Ɗana na fari injiniyan gas ne. Ba zan faɗi sunansa ba, ban ma taɓa faɗa ba. Mu a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Da wannan tarbiyya na zo Landan, ita da tandar waina, lokacin da maigidana, Allah ya jiƙansa, ya samu aiki a nan ya ɗauko mu.

A Peckham muka zauna, a flat ɗin council, wato gidan haya na ƙaramar hukuma. Abin da na fara so a ƙasar nan murhun gas ne. Ni da na tashi ina hura ɗanyen itace har idona ya yi ja, sai ga wuta shuɗiya, in murɗa ta taso, in murɗa ta kwanta, babu hayaƙi. Waina kuwa wuta take so mai jin magana. A kan murhun nan na riƙe gida bayan rasuwar maigidan. Suna, biki, walima, babu Bahaushen kudancin Landan da bai ci wainata ba, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ta yi tsami ko cikinta bai nuna ba. Da ita yaron ya gama karatu, har ya samu aiki a wani ofis a Marylebone.

Wata ranar Asabar ya zo cin abinci, ya ce kamfaninsu zai tura shi Amurka. Na ce me ake yi a can da ba a yi a nan?

Ya ce, "Umma, gas aka gano a cikin dutse. Can ƙarƙashin ƙasa akwai wani dutse falle-falle, shale suke ce masa. Gas ɗin yana maƙale a cikinsa. Da can ba a iya fito da shi, yanzu an samu dabara."

Na ce, "To ni ban yi boko ba. Yaya ake tatsar dutse?"

Ya ce sai a haƙa rami mai zurfi, a karkata shi ya bi jikin dutsen a kwance, a tura ruwa da yashi da ƙarfin tsiya har dutsen ya tsattsage, sai gas ya samu hanya ya taso.

Na ajiye ludayi na dube shi. Na ce, "Ashe ƙuli za ka je yi." Domin haka muke yi wa gyaɗa: in an niƙo ta, a zuba a turmi, a yayyafa ruwan zafi, a yi ta juyawa da taɓarya har mai ya taso. Na ce, "Duk karatun nan, sana'ar kakarka ka koma." Ya yi dariya har ya ƙware da miyar taushe, ƙanwarsa tana buga masa baya.

Da ya natsu ya ce, "Umma, abin zai yi yawa har Amurka ta rasa inda za ta sa shi. Za a sanyaya shi ya zama ruwa, a zuba a jirgin ruwa a kawo ƙasar nan. Wata rana in kin kunna murhun nan, wutar da za ta tashi da namu a ciki."

Na ce, "Oho dai." Abin da ya kamata uwar ɗan fari ta ce ke nan. Amma maganar ta shige ni, ba ta kuma fita ba.

Shekara biyu ya ce zai yi. Biyun ta wuce, wasu suka biyo ta. Rijiyoyin gas ɗin suka yi ta ƙaruwa, yana tashi daga wannan jiha zuwa waccan. Ya yi aure a can, ya haihu. Akwai lokacin da ya ce za a fara irin aikin a arewacin ƙasar nan, zai nemi a dawo da shi. Sai aka ce ƙasa ta motsa a wurin, mutanen gari suka yi ca, aka dakatar. Shi ke nan, maganar dawowa ta mutu. Da kuɗin gas ɗin ya sayi flat ɗin nan daga hannun council, da sunansa, ya ce in zauna har iyakar raina.

Ni ba zan ɗauki waya in ce masa na yi kewarsa ba. Bakina ba zai iya ba. In ya bugo, gaisuwa ce, ya iyali, ya aiki, Allah ya taimaka. Amma da safe in na murɗa murhu wutar ta tashi, sai in tsaya kallonta kafin in ɗora tukunya. In ce a raina, wataƙila wannan ta biyo ta hannunsa. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Akwai maƙwabciyata a hawan sama, mutuniyar Gana ce, 'yar zango, unguwar Hausawan can, tana aikin shara a ofisoshi. Ita ce mai yi mini yabon da ba zan iya yi ba. Ranar Juma'a in mata sun taru a falona bayan masallaci, sai ta ɗaga waina ta ce, "Ku ci da ladabi! Wuta na wannan gida daga Amurka ya fito, ɗan Hajiya ne ya fasa dutse!" In ce mata, "Ke dai ci ki rufe mana baki." Alhali kaina ya kusa taɓa silin.

Bara ya zo hutu shi kaɗai. Na yi tari a gabansa, tarin da nake yi duk lokacin sanyi. Ya kuma ga bakin mayafina da ya ɗan ƙone. Ya tambaya, na ce tsautsayi ne, wace mai girki ce ba ta da tabon wuta? Na dai ga suna ƙus-ƙus da ƙanwarsa da Turanci, in na shigo su yi shiru.

Bayan 'yan kwanaki ƙanwar ta ce ta yi mini booking a asibiti a Whitechapel, a duba ƙirjina. Muka je. Likita ya saurara, ya ce babu wani abin tashin hankali. Na ce mu tafi gida. Ta ce a'a, mu shiga kasuwa in ga yadi. Daga kasuwa ta ce mu yi salla a masallaci. Daga masallaci ta ce mu sha shayi. Yarinyar da kullum sauri take yi, ranar nan ita ce mai ja mini lokaci. Har na ji daɗi, wallahi. Na ce yau 'yata ta tuna da uwarta.

Da muka dawo na tarar da shi a bakin kicin yana murmushi, hannunsa a baya kamar mai ɓoye tsaraba. Ya matsa gefe.

Murhuna babu. A gurbinsa wani baƙin gilashi ne shimfiɗe, sumul, babu kan wuta, babu abin murɗawa. Bututun da ke bayan murhun an yanke shi an toshe.

Ya ce, "Umma, na lantarki ne. Ba ya ƙona hannu, ba ya kama tufafi. Ko kin manta shi a kunne, da kansa yake mutuwa."

Na ce, "Yaushe na taɓa mantawa?"

"Ba a jira sai kin manta ba. Kuma gas yana ɓata iskar ɗaki, ga ƙirjinki. Aikina ne, Umma, na san abin da nake faɗa."

Na ɗauko tandata, wadda maƙeran garinmu suka zuba da alminiyon tun ina amarya, na ɗora. Ya danna wani wuri. Abin ya yi tit-tit, ya yi tit-tit, ya mutu. Ya sake dannawa, haka. Ƙanwar ta leƙa ta ce, "Yaya, ba ya gane irin wannan ƙarfen." Na ɗora tukunyar tuwo, bai gane ta ba. Na ɗora ta miya, ita ma haka. Duk tukwanen da na ciyar da su da su, gilashin nan ya ce bai san su ba.

Ya ce, "Ba komai, ai na sayo miki sababbi." Ya nuna kwali. "Har da na waina zan yi order, akwai mai aiki da lantarki."

Na ce, "Wa kake sayar wa gas ɗin da kake haƙowa?"

"Duniya, Umma."

"Uwayen mutane suna girki da shi?"

Ya juya yana gyara kwalin tukwanen.

"Su ƙirjinsu na ƙarfe ne? Ka fasa duwatsun Allah ka cika jirage, kowa ya samu, sai uwarka ce za a toshe wa bututu?"

Ya ce, "Da na tambaye ki, da kin ƙi."

Na ce, "Ashe ka sani."

Nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Ya san zan ƙi, shi ya sa aka yi ta yawo da ni a Whitechapel kamar ƙaramar yarinya, ana ba ni shayi, a gida kuwa ana kwance mini murhu. Gidan da sunansa yake, ma'aikatan ba su buƙaci ko sannuna ba.

Ya durƙusa ya ce, "Murhu ne fa kawai, Umma. Me ya sa kike kuka a kan murhu?"

Amsar tana bakina. Da ƙanwarsa ce ta tambaya, da na faɗa. Amma shi, ɗan fari, in dube shi in ce a cikin wutar nan nake ganinka? Na share idona da bakin mayafi na ce hayaƙin mota ne ya shigar mini a hanya.

Ranar da zai koma ya zo ya tsuguna. Na ce Allah ya yi masa albarka, domin ba zan hana shi ba, ba na so ƙasa ta rufta da shi a bakin rijiya saboda bakina. Amma ban raka shi ƙofa ba.

Ana gobe Juma'ar da ta biyo na jiƙa shinkafa, na haɗa ƙullu ya kwana ya tashi. Na gwada abin wainar lantarkin da aka aiko. Ta fito fara fat, babu ɓawon nan ja na gefe, kamar an dafa ta a ruwa. Ba zan sa wannan a gaban mata ba. Na zubar da wainar.

A garinmu macen da ta bar wutarta ta mutu ita ke ɗaukar kasko ta shiga maƙwabta ɗibar garwashi, ana yi mata kallon raguwa. Ban taɓa yi ba tun ina yarinya. Ranar nan na rungumi tanda, na ɗauki bokitin ƙullu, na hau bene ina hutawa a kowane kwana. Na ƙwanƙwasa wa 'yar zango.

Ta buɗe, ta dubi tanda, ta dube ni. Mai surutun nan ba ta yi tsokana ba. Ta ce, "Hajiya, shigo. Murhu na ki ne."

Na ce, "A'a, naki ne. Aro na zo."

Har yau can nake hawa duk Juma'a, in jira ta gama dafa nata in ɗora nawa. In ya bugo waya ya ce, "Umma, ya sabon murhu?" sai in ce yana nan inda ka ajiye shi.