Riyal Mai Huji Biyu

Ni maƙerin fari ne, azurfa nake ƙerawa a Birnin Kudu tun ina saurayi, kuma ban cika son aikin wanke-wanke ba. Amma a zamanin da mahara ke saukowa daga duwatsun kudu, mutane sun binne abubuwa da yawa, don haka duk damina sai garma ta tono wani abu a kawo mini.

Wata ranar kasuwa da hantsi wani dattijo manomi daga wajen Gwaram ya tsuguna bakin maƙerata, ya kwance ƙullin tsumma. Riyal uku ne, irin masu kan mace da fatake ke kawowa, sun yi baƙi ƙirin, koren datti ya kafe a kansu kamar ƙanzo.

"Malam, a wani kufai na tono su," in ji shi. "A wanke mini in ga ko azurfa ce."

Na tambaye shi wane kufai, ya faɗi sunansa. Can ƙanwata ta yi aure, can kuma mahara suka faɗa wa shekara takwas kafin nan. Ba a ga gawarta ba. Inna, mahaifiyarmu, ta tsaya kan cewa kama ta aka yi, tana nan da rai a wani wuri, kuma duk ayarin da ya sauka a gari sai ta aika ni in yi cigiya. Ni ma da wannan nake rayuwa. Lokacin bikinta ni na huda mata riyal uku na abin wuya. Na farkon na karkace hujin, sai na sake wani a gefensa, ta yi ta yi mini tsiya wai ta sami riyal mai hanci.

Na leƙa cikin gida na roƙi Inna jiƙon tsamiya. Da kanta ta kawo a ƙwarya, ta kuma zauna bakin ƙofa tana kaɗi, don tana son hira da baƙi. Ban taɓa jin haushin zamanta ba sai ranar.

Na tsoma su, na jira tsamin ya ci dattin, sannan na goga da toka. Na farko ya yi fari, na sa tsinke na sokale ƙasar da ta toshe bakinsa. Huji ɗaya. Na ce wa kaina kowane maƙeri yana huda riyal. Na biyu ma huji ɗaya. Na uku kuwa na bar shi cikin ƙwarya, na shiga gyara gawayin da ba ya bukatar gyara. Tsoro nake ji, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka rufe ƙofofin gari saboda mahara.

"Saura ɗaya, Malam," in ji dattijon.

Na ɗauko shi na juya wa Inna baya. Na sa masa tsinke. Ƙasa ta fita daga huji, sannan ta fita daga na gefensa, karkatacce, aikin hannuna.

Duk da haka ban fid da rai ba. Mace mai hankali takan cire abin wuyanta ta sa a tukunya ta binne in ta ji kururuwa, sannan ta gudu. Na matsa kusa da shi na rage murya.

"Baba, a cikin tukunya ka same su?"

Ya girgiza kai.

"Babu tukunya," ya ce a hankali. "Tare da ƙasusuwan mai su na tono su. Na dai mayar da ita na rufe, na yi mata addu'a."

Daga bakin ƙofa Inna ta ɗago kai ta ce, "Baƙo, daga Gwaram ka ce? Bari in tambaye ka wata yarinya."