Idirisu na Unguwar Katako

Idan ka wuce unguwar Ndogpassi har inda masu babur ke cewa nan ne iyakarsu, akwai wata fadama. A nan Unguwar Katako take a da, gida talatin da 'yan kai, kuma Malam Idirisu ne ya fara kafa bukka a wurin.

Haifaffen unguwar New Bell ne, a cikin gari. Shekara ashirin da biyu ya yi yana sauke buhuna a tashar jiragen ruwa, har bayansa ya ƙi. Gidan gado ya yi musu kaɗan shi da 'yan'uwansa, sai ya nemi izinin dattawan da ke da ƙasar, ya shiga cike laka da yashi, baro bayan baro. Mutane suka biyo shi, wasu daga Garwa, wasu daga Marwa. Suka shimfiɗa katakai a kan ruwa don a samu hanya, sunan ya bi wurin. Suka gina masallaci, suka haƙa rijiya. Amma a takardun hukuma babu unguwar.

Munzali, ɗan ƙanwarsa Rakiyatu, a hannunsa ya tashi. Shi ya sa shi makaranta har ya samu aikin ofis. Wata Juma'a bayan an sauko, Munzali ya zo da takardu.

"Kawu, zaman nan naku babu takardar fili haɗari ne. Ku sa hannu, ni zan bi muku har ta fito."

Idirisu bai iya karanta Faransanci ba. Shi ya fara dangwala yatsa, sannan ya bi gida-gida yana cewa, "Ɗana ne, ku sa kawai."

Bayan wata takwas aka wayi gari da jan fenti a jikin kowane bango, alamar za a rushe. Takardar ta fito, amma da sunan Munzali, ya kuma sayar wa wani kamfani da zai ajiye kwantena. Idirisu ya yini yana kiran wayar Munzali. Da yamma ya ɗauka, ya yi 'yan maganganu da Faransanci, ya kashe.

Ranar da motar rusau ta zo, ba wanda ya zagi Idirisu. Maƙwabta suna ɗaure kwanon rufinsu, suna wuce shi ba ko gaisuwa. Wannan ya fi ci masa rai.

Yanzu yana New Bell, a ɗaki ɗaya a bayan gidan ƙaninsa. Rakiyatu ta zo masa tana kuka.

"Yaya, ka yafe masa don Allah."

Ya ce, "Ba ni kaɗai ya cuta ba, Rakiyatu. Ki je ki nemo sauran ki roƙe su. Ni ban ma san inda suka watse ba."