Yatsun da Dutse Ya Cinye

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, Mai Diga ake ce masa. Shekara talatin yana haƙar kuza a gindin tsaunin bayan gari, shi da abokansa tara. Yakan ce da ɗanɗanon ƙasa yake gane inda arziki ya kwanta, mu yi ta dariya.

Da aka hana haƙa sai da lasisi, bai yi gardama ba. Ya wanke rigarsa, ya ce in raka shi ofishin ma'adinai, don ni ce mai karatu. Aka miƙo mana jerin sharuɗɗa: rajistar ƙungiya, taswirar wurin daga hannun safiyo mai auna fili, takardar amincewar mai filin, da bayanin yadda za a cike ramuka bayan an gama. Wata bakwai muna tara takardun ɗaya bayan ɗaya. Yana ajiye su a leda biyu saboda ruwan sama.

Ranar miƙawa, wata ma'aikaciya ta ce ya ɗora babban yatsansa a kan na'urar ɗaukar zanen yatsa. Na'urar ta ƙi ɗauka. Aka gwada duka goman.

"Baba, zanen yatsunka ya shafe," in ji ta. "Ka huta da aiki wata guda, kana shafa mai, ko zai dawo."

Ya juya hannunsa ya duba. "To 'yata, dutsen ya san ni, injin ne bai san ni ba."

Haka ya zauna a tsakar gida, hannuwa a kan gwiwa suna ƙyalli, kamar mai jego. Ko bokiti matarsa ba ta bari ya ɗaga.

Da wata ya cika muka koma, na'urar ta karɓa. Ma'aikaciyar ta shigar da lambobin taswirar. Sai ta ce kwana tara da suka wuce wani kamfani ya nemi wurin, kuma a ƙa'ida wanda ya riga miƙawa shi ake ba.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya tambaya ko za a sanar da kamfanin cewa ramin gabas yana rufta da damina. Ta ce babu gurbin wannan a fom.

Abokansa suka watse, wasu dako, wasu gini. Shi ya koma gyaran ƙotar gatari a bakin kasuwa. Bayan shekara biyu tari ya kwantar da shi, bai tashi ba.