Ƙanzon Malam Garba Direba

Har gobe ban manta ranar da Malam Garba ya wanke hannu ya tashi bai tambayi ƙanzo ba. Ku da kuka shigo aikin abinci kwanan nan, ku saurara.

Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina aiki a rumfar tuwon Gwaggo Rabi a kasuwar Kurfi. Ita ce uwar tukunya, wato mai tuƙi da miya. Mata biyu ke surfe da daka, ni kuma rabo: in ɗiba, in miƙa, in kwashe akussa. Manyan masu cin tuwonmu direbobin loda ne da ke ɗauko hatsi zuwa Dutsin-Ma, kuma Malam Garba ne babbansu. Inda ya zauna nan duk suke zama. Mutum ne marar yawan magana, sai dai duk ranar kasuwa in ya gama ci zai ce, "Indo, akwai ƙanzo?" In kankaro masa na gindin tukunya, ya ƙulle a ƙyalle ya tafi da shi yana taunawa a hanya.

Sai aka kafa injin niƙa a Dutsin-Ma. Gwaggo ta yi murna, don masu dakanmu hannuwansu duk sun yi kanta. Mai injin ya ce mata ƙarfen nan yana murƙushe komai, ba sai an wahala da surfe ba. Aka riƙa kai dawa da dusarta, gari ya dawo lukui, gwanin kyau a ido.

Muka ci gaba da tuƙa tuwo da shi. Mutanenmu ba sa kushe abincin mace a gabanta. Su ci, su ce an gode, su tafi. Malam Garba dai ya daina neman ƙanzo. Kasuwa ta zagayo, na hango shi a rumfar da ke kallon tamu, sauran direbobin duk sun bi shi. In direbobi suka tafi, rumfarmu ta mutu, mu huɗu kuma da ita muke ci.

Ƙanzon da ba a nema ya taru cikin ƙwarya. Gwaggo ta jiƙa shi don ta yi mana kwaɗo, ta kai loma ɗaya ta tofar. Baurin dusa ne zalla. Miyar kuka da man shanu ke rufe shi a tuwo, amma ƙanzo ba shi da abin fakewa.

Ba ta bar injin ba. Ta dai sa aka koma surfe, a bakace, a wanke, a shanya, sannan a kai niƙa. Ranar kasuwa ta zuba tuwo a akushi, ta ɗauka da kanta har gindin motar Malam Garba.

"Malam Garba, ba sayarwa na zo yi ba. Ɗanɗana ka gaya mani gaskiya."

Ya ci yana sunkuye, ni ina gefe riƙe da ruwan wanke hannu. Ya suɗe yatsunsa, ya ɗago, bai dubi Gwaggo ba, ni ya duba.

"Indo, akwai ƙanzo?"

Wallahi da gudu na koma rumfa, ina dariya ina share hawaye.

Tun daga ranar na daina dogara da "an gode", don kowa na faɗinta. Ku riƙa duban abin da mutum ya saba nema. Ranar da ya daina nemansa, ku ɗanɗani gindin tukunyarku.